Sallar da Na Kira Sunan Iro

Bana azumi ya sake faɗowa cikin marka. Ruwa ake yi ba ƙaƙƙautawa, gero ya kai ƙirjin mutum, ƙafata ta hagu tana ciwonta da ta saba in ƙasa ta yi sanyi. Yaran gidan nan suna ta shirin zuwa kufai washegarin Sallah, har an yi masu aron keke. Suka ce, "Kaka, ki zo mu goya ki a baya." Na ce su tafi abinsu, ni na je nawa.

Haka azumi ya faɗo a shekarar yunwa, ina da goyon fari.

Kufan yana gindin wani dutse, tsakanin ƙauyenmu na wajen Tamawa da Dutsin-Ma. In ka fita da asuba, za ka isa kafin rana ta yi zafi. Can ne garin su Baba, uban mijina, can aka yanke mashi cibiya. Cutar agana ta shiga garin ta ci rabinsa, mahara suka zo daga arewa suka kwashe abin da ta rage, waɗanda suka tsira suka watse. Ba wanda ya koma. Ganuwa ta zube, kukoki suka rage a tsaye.

Amma duk washegarin ƙaramar Sallah gidanmu na zuwa. Wasu gidajen kan je kallon wasa a Kurfi, mu kuwa sai kufai. Shekarar da aka kawo ni gidan na fara binsu. Inna, uwar mijina, ta dama fura a babbar ƙwarya, aka yi dambu da man shanu, kowa ya sa sabon tufansa. Da muka isa inda ƙofar garin take a da, ta tsayar da ni.

Ta ce, "Ke baƙuwa ce, buɗe kunne. In mun shiga ki yi sallama, da masu gari a ciki. Kada ki ɗauki komai, ko tsinke. Kada ki kira sunan kowa, kada su riƙe shi. In kuma kin ji an kira naki, ko da muryar uwarki ce, kada ki amsa, kada ki waiwaya. Ki nufi ƙofa."

Na ce, "In na amsa fa?"

"Ƙanin Baba ya amsa. Ya dawo gida da ƙafarsa, hankalinsa ya zauna can."



Baba ne jagora. Da sandarsa yake nuna komai. Nan kasuwa, nan masallaci, nan inda aka haɗa mutum da yawa a rami ɗaya lokacin agana. A nan sai a tsaya ya yi masu addu'a mu shafa. Daga nan ya nuna wani tudun ƙasa.

"Nan ne zaurenmu."

Inna ta ce, "Bara can ka nuna."

"Zauren ne babba."

"To Allah ya ƙara mashi faɗi, baɗi ya kai Dutsin-Ma."

Akwai kuka mai kogo da mutum biyar za su zauna a ciki su miƙe ƙafa. Akwai tsohuwar karofi can gabas, inda ramukan rini suke, wannan daga nesa ake nuna ta. Akwai kuma wani falalen dutse da in ka buga shi da ƙaramin dutse sai ya yi ƙara kamar tasa, kowane gefe da irin muryarsa. Shi ake bari ƙarshe, yara su yi ta bugu har Inna ta ce ya isa, masu gari ma suna da kunne. Wani Bature ya taɓa zuwa a kan doki ya ji ƙarar, lokacin Turawa ba su daɗe da cin ƙasar ba. Ya ɓantari gefen dutsen ya sa a aljihu. Baba ya yi ta jiran labarin mutuwarsa, labari bai zo ba. Daga baya ya ce ai Turawa ma da nasu iskokin a jikinsu, shi ya sa.

Muka ci dambu a inuwar kuka, Inna ta zuba ɗan fura a gindinta, muka kakkaɓe ƙafafu don kada mu fita da ƙasar wurin. Ranar na yi dariya sosai. Ina faɗa don a san na taɓa yi.

Mijina Iro ne sunansa. A lokacin ban taɓa faɗinsa ba. Mace ba ta kiran sunan miji, kowa ya sani. Maigida nake cewa. In wata ta tambaye ni sunansa sai in sunkuyar da kai wani ya faɗa. Mutum ne mai aiki, ba ya faɗa, ba ya yawan magana. Yana da tsoron abin da ba ya gani. Kura bai damu da ita ba, amma a kufai yana manne da ubansa kamar ɗan akuya.

Damina ta biyu bayan wannan, ruwa ya ƙi. Ya zo a makare, ya tafi da wuri. Gero ya fitar da kai babu ido. Abin da muka girba bai rufe gindin rumbu ba. Baba ya ware iri ya sa a tulu ya liƙe bakinsa da yumɓu, ya ajiye a ɗakinsa wajen kansa. Ya ce wanda ya taɓa, ya tsine mashi, ko ɗansa ne.

Da kaka na haihu. Namiji. Ba zan faɗi sunansa ba, ɗan fari ne. Inna angona take ce mashi.

Da rani muka fara da awaki, aka kai su kasuwar Kurfi ɗaya bayan ɗaya, ana dawowa da ɗan abin da bai cika ƙwarya ba. Daga tuwo sau biyu muka koma sau ɗaya, daga tuwo muka koma kunu, daga kunu muka koma dusa. Mata muka riƙa fita da sassafe muna tonon gidan tururuwa, mu kwashe hatsin da ta tara, mu sheƙe ƙasar. Muka sussuke ƙarangiya, hannuwanmu duk ƙaya. Muka jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacin ya fita, bai taɓa fita duka ba. Ƙwallon goruba sai da aka daka shi. Da bazara zafi ya sauko, rijiya ta koma laka, sai ka zura guga ka jira. Mutane suka fara bin hanyar kudu da tabarma a ka. Masu karɓar harajin Nasara suka zo suka tarar da gidaje a buɗe ba kowa, suka leƙa suka wuce.

Sai ruwa ya sauka, mai kyau, irin wanda muka roƙa bara. Baba ya fasa tulu. Muna shuka ina kallon iri yana faɗawa rami, bakina yana tara miyau. Na ga Iro ya kai ƙwaya biyu baki ya waiga ko uban ya gani.

Wanda bai ga yunwar damina ba bai ga yunwa ba. Duniya duk kore, ƙasa tana ƙamshi, kwaɗi suna kuka, kai kuwa cikinka ba komai. Noma ya zo ba ƙarfi. Gayya ta mutu, don ba wanda zai iya ciyar da masu taya shi. Maza suna noma a durƙushe, wasu a zaune, su ja jiki su sari ciyawa su huta. Ganye muka koma: tafasa, lalo, yaɗiya, kuka. A dafa da kanwa a matse a ci. Ƙafafun mutane suka kumbura, in ka danna yatsa ramin sai ya zauna.

Cikin haka aka ga wata. Azumi bai canja mana komai ba sai suna. Liman ya ce mai shayarwa ta sha abinta. Na ce in sha me? Da sahur ruwan ganye, da buɗa-baki ganyen. Inna takan rage nata ta turo mani.

"Ci. Ba don ke ba, don angona."

Nonona ya zama kamar tsumma, amma yana kawo ɗan abu. Da shi yaron yake rayuwa, ba shi da wani abin. A ƙauyen ba akuya ko ɗaya mai nono.

Baba ya mutu tsakiyar azumi, a gona, kansa a kan kunya, hauya a hannunsa. Masu haƙa kabarin sai da suka yi ta karɓar juna.

Kafin Sallah ganye ma ya ƙare a kusa. Kukokin gari an yi masu tas, tafasa tana fitowa ana tsinke ta. Gero ya fara ɗaukar ciki, amma da sauran kwanaki kafin a samu ko tumu. Ranar Sallah aka yi idi a zaune. Ba wanda ya hura wutar kirki. Da yamma Inna ta ce, "Gobe za mu kufai."

Iro ya ce, "Inna, wa ke yawon Sallah bana?"

"Ba yawo za mu ba. Kukokin can ba wanda ya taɓa su. Ka ɗauko igiya da buhu."

Ya ce, "Na masu gari ne."

"Masu gari ba su da goyo. Mu muna da shi."

Muka fita da asuba mu uku, yaron a bayana. Tafiyar da muke yi kafin hantsi sai da ta kai mu kusan azahar. Muna tafiya muna zama. A ƙofa Inna ta yi sallama da ƙarfi, ta ƙara da cewa, "Mun zo roƙo ne, ba sata ba. Ɗiyanku ne. Ku yi haƙuri." Ba abin da ya amsa sai kurciya.

Ban taɓa ganin wurin da damina irin wannan ba. Ciyawa ta fi mutum tsawo. Kukoki sun yi lif da ganye, yaɗiya ta nannaɗe tsohuwar ganuwa. Mun cika baki kafin mu cika buhu. Iro ya ɗaura igiya ya hau kuka mai kogo, yana sara yana karanta duk abin da ya iya. Inna ta zauna a ƙasa tana tsinka. Na kwance yaron na ba ta, don na hango tafasa ta yi duhu can gabas, ganyenta fala-fala. Na san wajen karofi ne. Na ce a raina zan tsaya daga baki.

Ina tsinka ina matsawa. Ciyawa ta kwanta ta rufe bakin ramin. Na taka, ƙasa ta ɓace.

Ramin rini ya fi tsawon mutum biyu, bakinsa bai fi faifai babba ba. An shafe jikinsa sumul tun zamanin masu shi, ba inda farce zai kama. Na faɗa a kan ƙafar hagu, na ji ta ce ƙas. Ruwa ya kawo mani ƙugu, baƙi, mai sanyi, yana warin ruɓaɓɓen ganye. Na ɗaga kai, sama ta zama ɗan da'ira, ciyawa ta rufe rabinta.

Na yi ihu. Na ce wayyo, na ce jama'a, na ce a taimaka. Muryar mai yunwa ba ta da nisa, ramin kuma yana haɗiye ta. Sama ta fara duhu, iska ta taso, hadari ya haɗo daga gabas.

Can na ji Iro. Yana saran ciyawa yana cewa, "Ke! Ke!" Shi ma ba zai kira sunana ba a wurin. Ya matso har ina jin tarinsa. Na ce, "Ga ni! Nan ƙasa!" Aka yi tsawa a kan maganata. Na ce, "Maigida!" Iska ta kwashe. Na ji saran yana yin nisa, yana komawa arewa. Nonona ya tsatso, lokacin shan yaron ya yi.

Sai na tattara abin da ya rage a ƙirjina na ce, "Iro!"

Wannan ya ji. Saran ya tsaya cak.

Na sake cewa, "Iro! Iro!"

Shiru. Sai na ji hauya ta faɗi, na ji ƙafafu suna keta ciyawa da gudu. Ban san yana da sauran ƙarfin gudu ba.

Abin da ya faru a gindin kuka, Inna ce ta faɗa mani daga baya. Ya iso yana haki, ya fizgi hannunta, ya ce su fita.

Ta ce, "Ina yarinyar?"

"Sun ɗauke ta. Yanzu ni suke kira, daga ƙarƙashin ƙasa, da muryarta."

"Ka tabbata ba ita ba ce?"

"Inna, sunana aka kira. Yaushe ta taɓa kiran sunana?"

Inna ta ce wannan maganar ta shige ta, don gaskiya ce. Ta bi shi har wajen ƙofa. Suka zauna a bayan ganuwa, ruwa ya kece. Iro ya ce su jira ruwan ya ɗauke, su je gari a zo da malamai. Ta san kafin su je su dawo gobe ta yi. Ta kuma san ba malamin da ke da ƙafar zuwa.

Ni kuwa ina ciki. Ruwan sama yana dukan fuskata, na ƙasa yana gangarowa ta bakin ramin kamar daga indararo. Daga ƙugu ya kai cibiya, ya kai ƙirji. Na tsaya da ƙafa ɗaya, na jingina da bango. Haƙorana suna haɗuwa. Na daina kira. Ban yi tunanin masu gari ba ko kaɗan. Tunanina ɗaya, wa zai ba yaron nono.

Shi ma abin da ya tayar da Inna ke nan. Yaron ya yi kuka har muryarsa ta dushe, yana tsotsar wuyanta, yana neman abin da ba ta da shi. Ta miƙe ta ɗaura shi a baya ta ɗauki igiya.

Iro ya ce, "Inna, aljana ce fa!"

Ta ce, "Ko aljana ce, in tana da nono ina so."

Ta koma ciki. Ya zauna kaɗan, kunya ta ɗaga shi ya biyo ta.

Kukan yaron na fara ji, ƙasa-ƙasa, yana matsowa. Ban kira kowa ba. Na ce, "Yi shiru, yi shiru, ga ni nan." Na yi ta faɗa. Inna ta biyo maganar tana dukan ciyawa da sanda, har sandar ta faɗa wofi. Ta yaye ciyawar. Na ga fuskarta a sama, ruwa yana zuba daga haɓarta.

"Ke ce?"

"Ni ce, Inna."

"Ke ce ko ba ke ba ce, kama."

Na ɗaura igiyar a ƙarƙashin hammata. Iro ne ya ja, amma ya juya wa ramin baya, igiya a kafaɗa, don kada ya zama ya waiwaya. Ya ja ya faɗi, na koma cikin ruwa. Ya sake ja, Inna ta kama bayansa da goyo a jikinta. Ban san sau nawa ba. La'asar ta wuce kafin cikina ya taɓa ciyawa.

Inna ba ta ce sannu ba. Ta kwance yaron ta ɗora mani. Nan a bakin ramin, cikin ruwa, ya kama ya sha. Sai a lokacin Iro ya juyo ya dube ni.

Ganyen ma ba mu bar shi ba. Inna ta ɗauki buhu da yaron, Iro ya goya ni. Mun yi nisa kafin ya yi magana.

"Me ya sa kika kira?"

Na ce, "Me ya sa ka gudu?"

Ya gyara goyo ya ci gaba da tafiya.

Maɗori ya zo ya ɗaure ƙafar da kara, ta kama a karkace, haka take har yau. Wannan ban damu da shi ba. Zazzaɓi ne ya biyo baya. Sanyin ramin ya shiga ƙirjina, na yi kwanaki ban san inda nake ba. Da na farfaɗo, nono ya ƙafe. Inna ta dafa mani duk ganyen da muka kwaso, ta nemo saiwoyi, ta gasa mani da ruwan zafi. Ko ɗigo. Ta ɗauki yaron ta zaga gidajen masu goyo. Wata ta ba shi sau ɗaya tana kuka, ta ce nata ma ba ya ƙoshi. Inna ta riƙa ɗiga mashi ruwan tafasa da yatsa.

Da hantsi ya tafi, a cinyar Inna. Ta ce, "Angona ya sake ni."

Bai yi mako a ƙasa ba aka fara gasa tumu. Ƙamshin ya cika ƙauye. Iro ya kawo mani na farko daga gonarmu, ya murza a tafinsa ya hure ya miƙo. Na ci. Mai yunwa yana ci.

Mutane suka ce masu gari ne suka karɓi kuɗin ganyensu. Har yau da masu faɗa. Ni ban gansu ba. Ruwa na gani, da daɗewar da na yi a cikinsa. Ban taɓa ce wa Iro kai ne ba. Shi ma bai taɓa cewa ba shi ba ne.

Wata safiya ina zaune a ƙofar ɗaki, ƙafa a miƙe, ya zo zai wuce da galma. Inna tana bakin murhu, maƙwabciyarmu ta shigo ɗibar wuta. Na ce, "Iro, miƙo mani ruwa."

Maƙwabciya ta dafe ƙirji. Inna ta ci gaba da hura wutarta. Shi kuwa ya ajiye galma ya ɗebo ya kawo.

Kafin azahar magana ta zaga gari. Aka ce na fito daga rami ba kunya, aka ce ba ni kaɗai na fito ba. Uwata ta taso tun daga Makera da kumburarrun ƙafafu don ta yi mani faɗa.

Ta ce, "Dije, haka na rene ki? Sunan miji gatsau a bakinki?"

Na ce, "Gara ya saba da jinsa."

Ban daina ba. Mun haifi wasu, huɗu sun rayu, a gabansu nake kiransa. A gaban baƙi, a gona, ta kan katanga in yana zaune cikin maza a ƙofar gida. Abokansa sun yi mashi dariya har suka gaji. Bai taɓa hana ni ba. Duk abin da ke hannunsa ajiyewa yake ya taso, har ya tsufa yana tasowa da sanda. Har ya koma ga Allah bai sake bari na kira sau biyu ba.